Sai da satifiket ake huda ƙwallon bolin a gida?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a jihar Ohayo ta Amurka ya aiko da tambaya. Ya ce yana buga bolin a lig na daren Talata, yana da gareji da mota ba ta kwana a ciki, kuma ya ga ana sayar da tsohon injin huda ƙwallo da araha. Abokan wasansa ta intanet suke sayen ƙwallaye, kullum suna kuka da kuɗin da shago ke karɓa kafin ya huda musu. Yana so ya sani: in ya sayi injin ya fara yi wa mutane aiki a gida yana karɓar kuɗi, dole ne sai ya mallaki satifiket?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A'a, ba dole ba ne. Huda ƙwallon bolin ba ya cikin sana'o'in da hukuma ke ba wa lasisi a Amurka. Mai aski a can sai ya yi makaranta ya ci jarrabawa kafin a bar shi ya taɓa kan mutum da kuɗi, amma mai huda ƙwallo babu jami'in da zai nemi ya nuna shaidar iya aiki. Yau ka sayi inji, gobe ka huda, ta wannan fuskar ba ka taka dokar kowa ba. Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba, kuma da zan tsaya a "a'a" kawai da na cuce ka.

Saboda masu karatu daga gida da ba su taɓa riƙe irin wannan ƙwallon ba: bolin wasa ne da ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan dogon layi mai santsi, ƙafa 60 daga inda ake sakin ta zuwa sandar farko, don a kayar da sanduna 10 masu siffar kwalba. Wanda ya je shaƙatawa, ko a Abuja ko a Legas, ƙwallon gidan wasan yake ɗauka, mai manyan ramuka da aka yi don kowane hannu ya shiga. Wanda ya riƙi wasan da gaske kuwa tasa yake saya, kuma daga kamfani a mulmule take zuwa, ba rami ko ɗaya. Sai an auna hannunsa an huda mata ramuka, galibi uku: na babban yatsa, na yatsan tsakiya, da na yatsan zobe. Wannan hujin shi ne sana'ar da ake magana.

Hukumar da ke riƙe da dokokin wasan a Amurka ita ce USBC, wadda aka kafa a 2005 bayan an haɗe tsofaffin ƙungiyoyin maza da na mata da na matasa, hedikwatarta a Arlington ta jihar Teksas. Ruwanta da ƙwallo ne, ba da mai huji ba. Tana da jerin ƙwallayen da ta amince da su, tana kuma iya janye amincewar, kamar yadda ta yi wa Jackal da Jackal Carnage na kamfanin Motiv a 2016 da ta auna ta ga ƙwayar cikinsu, wato dunƙulen nauyin da ke tsakiyar ƙwallo, ta zarce iyaka. Amma in abokinka ya ci gasa aka ɗauki ƙwallonsa aka duba, abin da za a bincika shi ne ko ramukan da nauyin sun dace da ƙa'ida. Ko a babban shago aka huda ta ko a garejinka, ba a tambaya. Takardun da USBC ke bayarwa kuwa, matakin farko da na tagulla da na azurfa da na zinare, na masu horar da 'yan wasa ne. Mutane kan rikita su da na huji, alhali hanyarsu daban.

Satifiket na huji akwai shi, na ganin dama ne. Ƙungiyar masu shagunan bolin da masu koyarwa, IBPSIA, tana shirya kwas na 'yan kwanaki inda ake sa ɗalibi ya auna hannu ya huda da kansa, in ya ci ta ba shi shaida. Kamfanonin da ke sayar da injuna ma kan koyar, irin su Jayhawk da ke Lawrence a jihar Kansas. Ra'ayina a kan waɗannan kwasa-kwasan shi ne ka je in kana da hali, amma don ilimin za ka je. Za su taƙaita maka ɓarnar da da sai ka yi shekara kana yi kafin ka gano ta, za su kuma haɗa ka da mutanen da za ka buga wa waya ranar da aiki ya cije. Takardar kanta, ban ga ɗan wasan da ya tsaya karanta ta a jikin bango ba. Abin da yake tambaya shi ne, "Wa ya huda maka wannan?" Ba wanda ke neman satifiket wurin tela kafin ya miƙa masa shadda, amma ranar da ya yanka ta gajarta, unguwa duka za ta ji. Lig ɗinku na daren Talata bai fi unguwa girma ba.

Ƙa'idojin USBC su ne sashe mafi sauƙi, karatu ne kawai, sai dai dole ka riƙa bin sauyinsu. Ƙwallo ba ta wuce laba 16. Ramukan riƙo ba sa wuce biyar, ɗaya ga kowane yatsa, duka na hannu ɗaya. Da ana ƙara wani rami a gefe don daidaita nauyi ko sauya tafiyar ƙwallo, to daga 1 ga Agustan 2020 an hana shi. Yanzu duk ramin da ke jikin ƙwallo dole ɗan wasa ya sa yatsa a ciki a kowace jifa, ban da ɗan ƙaramin ramin shan iska da bai wuce rubu'in inci ba. A madadin haka aka sassauta ma'aunin: a ƙwallon da ta haura laba 10, bambancin nauyi tsakanin dama da hagu, ko tsakanin ɓangaren yatsu da na babban yatsa, ko sama da ƙasa, yana iya kai oza 3. Ga inda wannan zai shafe ka kai tsaye: yara da yawa yanzu da hannu biyu suke jifa, suna kwaikwayon Jason Belmonte ɗan Ostireliya, ba sa sa babban yatsa. In ka huda wa irin wannan yaron ramin babban yatsa "ko zai buƙata wata rana", ka haramta masa ƙwallon a gasa. Ramuka biyu za ka yi, sannan ka zana alamar + a inda tafin hannunsa ke zama. Tsofaffin ƙwallaye masu ramin gefe kuma za su riƙa zuwa maka, sai an toshe shi kafin a shiga lig da su.

Yanzu ga ainihin aikin, wanda ba a koyon sa daga takarda. Huda rami kowa zai iya cikin yini ɗaya. Auna hannu shi ne sana'ar.

Mutum ya zauna a gabanka ya miƙo hannu. Kafin ka ɗauko ma'auni, ka kama babban yatsansa ka ja shi baya a hankali ka ga iya inda yake buɗewa, don wani nasa kamar roba, wani a ƙage. Ka duba gaɓoɓin yatsun, akwai wadda ta taɓa karyewa, akwai mai sanyin ƙashi? Fatar busasshiya ce ko mai gumi? Ina kanta ta fito masa daga tsohuwar ƙwallonsa? Kanta taswira ce, tana gaya maka inda tsohon hujin ke cizon sa. Sannan tazara, wato nisan da ke tsakanin ramin babban yatsa da na sauran biyun. Sabon shiga akan huda masa yadda yatsu za su nutse har gaɓa ta biyu. Wanda ya goge kuwa kan yatsun kawai yake sawa, zuwa gaɓa ta farko, don ya samu murɗawa. A irin wannan riƙon gwajin da mu masu huji muke yi shi ne ya tura babban yatsa har ƙarshe, ya shimfiɗa yatsun biyu a kan ramukansu ba tare da miƙa ba, sai a ga bakin ramin ya faɗa wajen tsakiyar gaɓa ta farko da ta biyu. Duk wannan da kashi ɗaya cikin 16 na inci ake lissafa shi, wani lokaci cikin 32, bakunan injin kuma da kashi ɗaya cikin 64 suke hawa.

Bayan tazara sai karkata. Rami ba ya tafiya sak zuwa tsakiyar ƙwallo sai an so haka. Ana karkatar da shi gaba ko baya, dama ko hagu, kuma ita karkatar da tazarar a ɗaure suke: in tazara ta yi tsawo, ramin babban yatsa yana neman a karkata shi baya don yatsan ya samu fita, in ta gajarta a rage. Mutanen da suka koyi aikin tun da can sun saba miƙe tazara su zuba karkatar baya da yawa, shi ya sa za ka ga tsofaffin 'yan wasa suna damƙe ƙwallo da ƙarfi don kada ta suɓuce. Yanzu an fi karkata ga riƙo mai sassauci. Babban yatsa kuma ba zagayayye ba ne, shafaffe ne, saboda haka raminsa ma sai an ɗan tsawaita shi ta kusurwar da yatsan ke kwanciya, sannan a kankare kaifin bakin daidai gwargwado. In kankarar ta yi kaɗan ta yanke shi, in ta yi yawa ƙwallon ta riƙa faɗuwa daga hannunsa. Yatsan ma ba ya zama a girma ɗaya: yana kumbura da zafi, yana ramewa da sanyi, namu mutanen wasu har a watan azumi sukan ji ya sassauta. Shi ya sa ake barin ɗan fili a cike shi da tef.

Akwai wani dattijo da ya shigo shagon da nake aiki, riƙe da sabuwar ƙwallo da maƙwabcinsa ya huda masa a gida. Aikin injin ba laifi, ramukan sumul, ma'auni daidai da na tsohuwar ƙwallonsa har ɗigo. Matsalar ke nan. Tsohuwar an huda ta ne tun yana da jini a jika, hannun kuwa ya tsufa ya ƙage. Da ya buɗe tafinsa, ga kanta mai kauri a gindin babban yatsa, ya ce kuma gefen yatsan kan mutu masa bayan wasa, ya riƙa jin kamar ana tsira masa allura. Na sa shi ya tura yatsan ya shimfiɗa sauran, bakin ramin ya faɗa kusan kan gaɓa ta farko, fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta miƙe har ta yi fari. Muka toshe, muka rage tazarar da kusan kashi uku cikin 16 na inci, muka rage karkatar baya. Maƙwabcin bai yi ha'inci ba, kwafa ya yi, kuma mafi yawan masu aikin gida da kwafa suke rayuwa. Kwafa tana aiki in tsohon hujin daidai yake. Sanin ko daidai yake shi ne abin da ake biya. Wannan mutuwar yatsan ma ba wasa ba ce, likitoci sun san ta: jijiyar da ke bin gefen babban yatsa ce ke yin kauri saboda yawan guga da bakin rami, kuma in aka yi sakaci har tiyata takan kai.

Sai tsarin huji, wato ta ina za a juya ƙwallon kafin a huda. Ƙwallon zamani ɓawo ce da ƙwaya, ƙwayar kuma ba a mulmule take ba, siffa gare ta, kamfani yana sa ɗigo mai launi a jikin ɓawon don ya nuna inda kanta yake. Inda ka ajiye wannan ɗigon yana sauya yadda ƙwallon za ta lanƙwasa. Amma ba daga ramukan yatsu ake auna shi ba, daga wurin da ƙwallon ke juyawa a kansa ne lokacin da ta bar hannun wannan ɗan wasan, wanda masu sana'a ke kira PAP, kuma kowa da nasa. Ga yadda ake gano shi: layin wasa ana shafa masa mai, to sai mutumin ya yi jifa a inda man yake, ƙwallon ta dawo da zoben mai a jikinta. Ka bi zoben farko, mafi kusa da ramuka, da fensirin maiƙo, ka nemo wurin da nisansa da zoben daidai yake ta kowane gefe, ka manna ɗan farin tef. Ya sake jifa kana tsaye a bayansa. In tef ɗin ya tsaya cak a 'yan ƙafafun farko kamar ba ya motsi, ka samu. In yana rawa, ka matsar ka sake. Daga nan ne lambobin da kake gani a takardun kamfani ke da ma'ana, irin 60 x 4½ x 35 na tsarin kusurwa biyu da marigayi Mo Pinel ya fito da shi: kusurwar farko na nuna yadda ƙwallon za ta fara kamawa da wuri ko a makare, ta tsakiya nisan ɗigon ne daga PAP da inci, ta ƙarshe kuma saurin juyowarta in ta bar mai ta taka busasshen wuri.

Ka lura da abin da wannan ke buƙata: layi. Garejinka ba shi da layi. Wannan ne babban giɓin aikin gida, ya fi satifiket nesa ba kusa ba. Mai shagon da ke cikin gidan wasa taku ashirin ne tsakaninsa da layi, yana kallon jifar mutum kafin ya huda, yana kallo bayan ya huda, in ramin ya matse ya gyara nan take. Kai kuwa sai ka bi mutum gidan wasa ka kalle shi, ka koma gida ka huda, ya sake zuwa ya gwada, ya dawo maka. Kuma da zarar ka shiga gidan wasa da fensiri da tef kana auna ƙwallayen mutane, ka shiga gonar mai shagon. Shi haya yake biya, sau da yawa da sharaɗin cewa ba wanda zai yi cinikin kayan bolin a ginin sai shi. Manaja na da ikon ya ce ka daina ko ka fita, kuma ginin nasu ne. A ganina kada ka yi abin a ɓoye. In garinku babu shagon kirki, ko mai shagon sau biyu yake buɗewa a mako, to akwai gurbi na gaske. In kuwa akwai gwani a ciki, shi ya kamata ka fara zuwa wa, ba a matsayin kishiya ba.

Domin shawarata ta gaskiya ita ce ka nemi zama yaron shago. Ka je ka ce kana son koyo, za ka riƙa zuwa ranar Asabar ka share, ka toshe ramuka, ka goge ƙwallaye, ka manna robobin yatsu da ake sawa a cikin ramuka. Da yawa daga masu wannan sana'ar shekaru sun ja, kuma ba su da mai karɓa. Hannu ɗari da za ka gani a gefensa sun fi kowane kwas, don a kwas hannun abokan karatunka kawai za ka auna, a shago kuwa za ka ga na yaro ɗan shekara tara, da na tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi, da na makanike mai yatsu kamar guduma. A gida kuma ka tara tsofaffin ƙwallayen da mutane suka yar, ka huda, ka toshe, ka sake hudawa, har sai abin da ka rubuta a takarda shi ne abin da ma'auni ke nunawa a rami. Bayan su naka, bayan naka na iyali. Kuɗin mutane daga baya.

Game da injin da ka gani: ka tabbatar na huda ƙwallo ne, mai tebur da ke matsawa gaba da baya, dama da hagu, da mariƙin da ke damƙe ƙwallon, don da matsar da teburin ake samar da karkata. Injin huda katako na kanti yana da wasa a wuyansa, ba zai ba ka kashi ɗaya cikin 32 ba. Ka je da tsohuwar ƙwallo ka huda rami ba karkata, ka zura ma'aunin karkata ka ga ko sifili ya nuna. In mariƙin ba ya nan ko ya lanƙwashe, arahar ta tashi. Kuma injin rabin kaya ne: akwai jerin bakuna, da sikelin auna bambancin nauyi, da injin juya ƙwallo, da na kankare baki, da ma'aunan tazara, da ruwan toshewa. Sabo duka dubban daloli ne. Ƙurar roba da warin ruwan toshewa ma ba abin shaƙa ba ne a rufaffen gareji lokacin sanyin Ohayo, sai da injin zuƙe ƙura da hanyar iska, musamman in ƙofar garejin cikin gida take buɗewa.

In ma kuɗin bai kai ba, akwai ƙofar da ta fi araha. Binciken da USBC ta yi kan tafiyar ƙwallo ya nuna cewa kaushin ɓawo ya fi komai tasiri, ya fi ƙwaya. Injin juyawa da soson gogewa masu lambar kaushi 500, 1000, 2000 da 4000 sun isa ka fara gyara fuskar ƙwallayen abokanka, ka cire musu man da suka sha, ka sauya robobin yatsu da suka cinye. Kuskure a nan ana goge shi, ba kamar rami ba.

Takardun da doka ke nema da gaske na kasuwanci ne, ba na huji ba. Ka fara da ofishin birninku, ka tambayi ƙa'idar yin sana'a a gidan zama, don wurare da yawa suna neman izini, suna kuma iyakance yawan masu zuwa, da allon talla, da ƙara. In haya kake, ko unguwarku na da ƙungiyar masu gidaje, ka karanta yarjejeniyar. In za ka sayar da kaya, ko da robar yatsa ce, Ohayo na buƙatar lasisin mai sayarwa don karɓar harajin ciniki, ana samun sa ta ofishin mai binciken kuɗi na gunduma ko ta intanet. Wajen IRS kuma, wato hukumar harajin Amurka, ribar aikin kai in ta kai dala 400 a shekara sai an bayyana ta an biya harajin masu aikin kansu, kashi 15.3 cikin ɗari, ban da harajin kuɗin shiga. Inshorar gida yawanci ba ta ɗaukar abin da ya faru ta dalilin kasuwanci, saboda haka in abokin ciniki ya zame a ƙanƙarar ƙofarka, ko ƙwallo mai laba 15 ta faɗo masa a ƙafa, ko ya ce hujinka ya lalata masa yatsa, kai kaɗai ne sai ka yanki ta kasuwanci. Yi wa sana'ar rajistar kamfani ba ya maye gurbin inshora. Abu ɗaya kuma da ya shafi namu musamman: in bizar karatu ce ke hannunka, karɓar kuɗin aiki a gareji aiki ne a idon hukumar shige da fice, kada ka fara sai ka tabbatar takardunka sun ba ka dama.

Sayar da sababbin ƙwallaye kuwa, kada ka gina lissafinka a kai. Kamfanonin 'yan kaɗan ne. Tun da Brunswick ta sayi Ebonite a 2019 aka rufe masana'antar Ebonite da ke Hopkinsville a jihar Kentucky, ƙwallayen Hammer da Track da Columbia 300 duk suka koma hannu ɗaya, Storm kuma na da Roto Grip da 900 Global. Ta hannun dillalai suke sayarwa, dillalan kuma sukan nemi shaidar rajistar kasuwanci da ta haraji, wasu ma ba sa buɗe wa adireshin gidan zama asusu, don suna kare shagunan da suka daɗe suna saye a wurinsu. A nan ne satifiket ɗin IBPSIA zai iya yi maka rana, yana nuna musu ba wasa ka zo ba, amma ba ya tilasta wa kowa. Ko ka samu asusun, farashin intanet ya riga ya cinye ribar. Kuɗinka a aikin hannu yake.

Shi ya sa maganar garanti za ta zama taka ta yau da kullum. Ƙwallon da aka saya ta intanet aka kawo maka, in ta tsage bayan wata biyu, kai za a fara kallo. Kamfanoni kan ba da garanti, amma da sharuɗɗan huji: galibi gadar da ke tsakanin ramukan yatsu biyu kada ta gaza rubu'in inci, kada rami ya matsa kusa da ɗigon nan fiye da yadda suka ƙayyade, kuma dole a kankare bakin kowane rami. Ka saɓa ɗaya, sun wanke hannu. Ƙwallo ma kan tsage don kanta, in an bar ta a but ɗin mota ta sha sanyi ta sha zafi, ko ta daɗe a ajiye a gefe ɗaya. Saboda haka kafin baki ya taɓa ta, ka fito da ita daga kwali a gaban mai ita, ku duba tare, ka auna nauyinta, ka rubuta lambarta, ka ɗauki hoto. Ka gaya masa a rubuce: in kuskurenka ne a ma'auni, za ka toshe ka sake kyauta, ko ka biya sabuwa in bai yarda da toshi ba, don mutumin da ya sayi sabuwar ƙwallo yana da haƙƙin ya ƙi karɓar mai tabo. In tsagewar kamfani ce, tsakaninsa da inda ya saya. Ka sa kuɗin irin wannan asarar a cikin farashinka tun farko, don ƙwallo ɗaya mai tsada da ka ɓata tana iya cinye ladan huji uku ko huɗu, kuma in ka karya farashi ƙasa da rabin na shago don abokai su ji daɗi, daga aljihunka za ta fito. Takardar ma'aunin kowane mutum kuma ka adana ta da kwanan wata, ka ba shi kwafi in ya nema, ka sake auna hannunsa duk bayan shekara ɗaya ko biyu, na yara masu tasowa kuwa duk lokacin da suka zo.